Mai Riƙe da Ƙofar Ruwa: Waiwaye a Kan Tarihin Ban Ruwa Daga Kogunan Dauri Zuwa Gonakin Audugar Mulkin Mallaka

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun ban ruwa tun daga kwarin Dijla da Furat da na Nilu har zuwa manyan ayyukan da Ingila da Faransa suka kafa a Indiya da Masar da Sudan da Mali. An ɗora nazarin a kan ra'in Wittfogel (1957), wanda ya ce ban ruwa ne ya haifi mulkin kama-karya a daulolin dauri. Maƙalar ta nuna cewa hujjojin tarihi ba su mara wa ra'in baya sosai a zamanin da aka gina shi a kai ba, alhali kuwa ya fi dacewa da gonakin audugar 'yan mulkin mallaka, inda Hausawa da dama suka yi ƙwadago.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya raba noma gida biyu, na damina da na rani. Na farko jiran sama ake yi. Na biyu kuwa mutum ne ke kai ruwa inda shuka take, da guga ko jigo ko hanyar da ya haƙa. Wannan kai ruwa shi ake nufi da ban ruwa a nan. Tambayar da ta daɗe tana damun masana tarihi ita ce: idan rayuwar jama'a ta rataya a kan ruwan da ake rabawa, wa ke da ikon buɗewa da rufewa, kuma me wannan iko ke yi wa zamantakewa?

Karl Wittfogel, Bajamushen da ya ƙare rayuwarsa a Amurka, ya ba da amsar da ta fi shahara a littafinsa Oriental Despotism (1957). A ganinsa, haƙa manyan hanyoyin ruwa da yashe su kowace shekara aiki ne da ke buƙatar dubban hannaye. Tara waɗannan hannaye sai da shugaba mai ƙarfi da malaman lissafi da masu sa ido, kuma da zarar sun samu gindin zama sai su zama gwamnatin da ba a yi mata musu. Ra'in yana da daɗin ji, don ya ɗaure Masar da Iraƙi da Sin da igiya ɗaya. Sai dai daɗin ji daban, hujja daban. Za a yi amfani da K.M. a madadin "kafin Miladiyya".

2.0 Tsakanin Dijla da Furat

Kudancin Iraƙi ƙasa ce da ruwan samanta bai isa noma ba. Ga shi kuma kogunanta biyu ba sa zuwa a lokacin da manomi ke so. Suna cika ne a watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da ƙanƙarar duwatsun arewa ta narke, wato daidai lokacin da sha'ir ya nuna yana jiran lauje. A lokacin shuka kuwa, wajen Oktoba da Nuwamba, ruwan ya yi ƙasa. Saboda haka manomin wannan ƙasa yana da aiki biyu masu karo da juna: ya jawo ruwa lokacin da ya yi ƙaranci, ya kuma tare shi lokacin da ya yi yawa. Abin da ya taimake shi shi ne, Furat na tafiya a kan tudun lakar da shi kansa ya tara, har gadonsa ya ɗara filayen da ke gefensa tsawo. Idan aka fasa gaɓa kaɗan, ruwa zai gangara gona da kansa.

Mafi daɗewar alamun hanyoyin ruwa da aka tono a yankin suna Choga Mami, kusa da Mandali a gabashin Iraƙi, inda Joan Oates ta yi aiki a ƙarshen shekarun 1960. An ƙiyasta shekarunsu zuwa wajen 6000 K.M. A wannan lokaci babu birni, babu sarki, babu rubutu. Ƙauyawa ne suka haƙa abinsu. Birane irin su Uruk sun bayyana ne bayan fiye da shekara dubu biyu. Robert Adams, wanda ya shafe shekaru yana bin sawun tsofaffin hanyoyin ruwa a filayen Iraƙi, ya nuna cewa manyan hanyoyin da suka haɗa yankuna sun zo ne bayan daula ta riga ta kafu. Mafi girmansu, hanyar Nahrawan, ta kai ƙarfinta ne a zamanin Sasaniyawa, a ƙarni na 6 na Miladiyya. Ke nan daula ce ta faɗaɗa ban ruwan da ta tarar.

Wannan ba ya nufin sarakuna ba su sa hannu ba. Biranen Lagash da Umma sun yi tsararraki suna yaƙi a kan wani fili mai albarka da ake kira Gu'edena da ruwan da ke shayar da shi, tsakanin wajen 2500 da 2350 K.M. Umma ce ke sama, Lagash na ƙasa, kuma duk wanda ya taɓa noman lambu a gefen rafi ya san abin da wannan ke nufi. Dokokin Hammurabi, sarkin Babila (1792 zuwa 1750 K.M.), sun tanadi hukunci a sashe na 53 zuwa na 56 ga wanda ya yi sakaci da gyaran ganuwar ruwansa har ta ɓalle ta cinye gonar maƙwabci. Zai biya hatsin da ya salwanta. Idan ba shi da halin biya, a sayar da shi da dukiyarsa a raba wa waɗanda suka yi asara. Abin lura a nan, dokar ta ɗauka cewa gyaran ganuwa nauyin mai gona ne. Sarki alƙali ne da ke shigowa bayan ɓarna ta auku.

Babban abokin gaban manomin Sumer shi ne gishiri. Ruwan kogi na ɗauke da gishiri kaɗan. Idan aka yi ta malala shi a filin da ba shi da magudana, ruwan ƙarƙashin ƙasa sai ya taso, rana ta shanye shi, gishirin ya rage a sama fari fat kamar an barbaɗa kanwa. Jacobsen da Adams (1958) sun bi bayanan hatsi suka ce wajen 3500 K.M. alkama da sha'ir kusan kunnen doki suke a kudu. Zuwa 2400 K.M. alkama ta koma kusan kashi ɗaya cikin shida, zuwa 2100 K.M. ta gaza kashi biyu cikin ɗari, zuwa 1700 K.M. kuma an daina nomanta, domin sha'ir ya fi ta jure gishiri. Powell (1985) ya soki yadda suka karanta alƙaluman, ya kuma nuna cewa manoman sun san dabarun wanke ƙasa da barin ta ta huta shekara guda. Muhawarar ba ta mutu ba. Amma matsalar gishirin kanta gaskiya ce, kuma za a sake cin karo da ita a Indiya da Masar bayan shekara dubu huɗu.

3.0 Nilu da Tafkunan Ambaliya

Nilu ya fi Dijla da Furat sauƙin hali. Damunar tsaunukan Habasha ce ke cika shi. A da, ruwan kan fara tasowa a Aswan a ƙarshen Yuni, ya kai ƙololuwa a Satumba, ya janye a Oktoba, daidai lokacin shuka alkama da sha'ir. Abin da Misirawa suka yi shi ne yanka kwarin zuwa manyan fangula da ganuwar ƙasa. Idan kogi ya cika sai a buɗe, ruwa ya kwanta a ciki kwana 40 zuwa 60, laka ta zauna, sannan a sake shi ya koma kogi. A wannan danshi ake shuka, kuma shi ke kai amfanin gona har girbi. Ruwan da ya koma kogi yakan tafi da gishirin, shi ya sa ƙasar Masar ta yi dubban shekaru ba ta gaji ba. Mai karatu da ya san noman masakwa a firgin Borno, inda ake tare ruwan damina da 'yan kunyoyi a dasa dawa bayan ya janye, ya riga ya fahimci tushen wannan dabara.

Akwai wani kan kulki na dutse da aka samo a Hierakonpolis, yana gidan tarihi na Ashmolean a Okusfod, mai ɗauke da hoton sarkin da ake kira Kunama, wajen 3100 K.M., riƙe da fartanya a bakin ruwa. An daɗe ana kafa hujja da shi cewa Fir'auna ne uban ban ruwa. Butzer (1976) ya bi sunayen muƙaman Tsohuwar Daula, masu yawan gaske, bai samu wata ma'aikata ta ƙasa baki ɗaya mai kula da rabon ruwa ba. Kowane yanki shi ke kula da tafkunansa, domin tafki ɗaya bai dogara da na nesa da shi ba. Abin da fada ta damu da shi shi ne awo da haraji. An gina ma'aunan kogi, irin na tsibirin Elefantin, don a san tsawon ambaliya a ƙiyasta abin da za a karɓa. Wannan al'ada ta zarce har zamanin Musulunci: ma'aunin tsibirin Rauda a Alƙahira an gina shi a 861, zamanin Halifa Mutawakkil, kuma kamu 16 shi ne cikar da ake yi wa biki.

Jigo, wanda Larabawa ke kira shaduf, ya bayyana a wani hatimin Akkad wajen 2300 K.M., amma bai fito a zane-zanen Masar ba sai wajen 1350 K.M. Sakiya, wato dabaran da shanu ke juyawa tana ɗebo ruwa da tuluna, ta zo ne a zamanin Badalamusawa, bayan Iskandari. Waɗannan biyu ne suka ba da damar noma na biyu a rani, a 'yan filaye kaɗan na bakin kogi. Dukansu kayan mutum ɗaya ne ko gida ɗaya.

4.0 Wasu Hanyoyin

Inda ra'in Wittfogel ya fi samun madafa shi ne Sin, kuma daga can ya faro. A wajen 256 K.M. gwamnan daular Qin mai suna Li Bing ya raba kogin Min gida biyu a Dujiangyan ba tare da datse shi ba, aikin da har yau yake shayar da filin Chengdu. Shekara goma bayan haka aka fara hanyar Zhengguo, wadda hatsinta ya ciyar da rundunar da ta haɗe Sin a 221 K.M. A nan ma, daular Qin ta riga aikin wanzuwa.

A Farisa an bi ta ƙarƙashin ƙasa. Kanat rami ne mai ɗan gangare da ake haƙawa daga gindin dutse, a jera masa rijiyoyi don fitar da ƙasa da shigar iska, ya kawo ruwa fili ba tare da an ja ba. Dabarar ta kai Sahara, inda ake kiranta foggara, kuma da ita Garamantawa suka raya Fezzan, zangon da fataken Kano da Borno suka sani daga baya a hanyarsu ta Tarabulus. A Yaman kuwa madatsar Ma'arib ta riƙe daular Saba'i fiye da shekara dubu. Abraha ya gyara ta a tsakiyar ƙarni na 6, ta kuma ɓalle ɓallewar ƙarshe kafin ƙarnin ya cika. Ambaliyarta ce aka ambata a aya ta 16 ta Suratu Saba'i.

5.0 Ruwa a Fiƙihu da Lambun Bahaushe

Malaman Musulunci sun gaji waɗannan ayyuka, suka kuma yi musu shari'a. Mawardi, a cikin Al-Ahkamus Sulɗaniyya, ya kasa ruwa zuwa na koguna da na rijiyoyi da na idanu, kowanne da hukuncinsa. Babban kogi na kowa ne. A ƙaramin rafi na sama ke fara sha, ya tare gwargwado, ya saki ga na ƙasa. Hanyar da jama'a suka haƙa ta waɗanda suka haƙa ce, su raba da kwanaki ko da sa'o'i. Shan mutum da na dabba kuwa yana gaba da shan gona. Saurar wannan tsari na nan a Balansiya ta Andalus, inda kotun manoma ke zama kowace Alhamis a ƙofar babbar majami'a tana yanke rigimar ruwa da baki.

Hukuncin da ɗalibin Risala ya fi sani shi ne na zakka: abin da sama ko kogi ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, abin da aka shayar da wahala kuwa rabin haka. Shari'a ta lissafa gumin mai jan guga, ta rage masa. Yana da kyau a riƙe wannan, don a gwada shi da lissafin da za a gani a Gezira. Ba a ce zamanin ya kuɓuta daga zalunci ba. Bayin da aka tara a fadamun Basra suna kankare gishiri daga ƙasa, da yawansu daga gabashin Afirka, su ne suka yi tawayen Zanj daga 869 zuwa 883. A 937 kuma wani amiri, Ibn Ra'iƙ, ya fasa Nahrawan don ya tare abokin gabansa, yankin bai sake komawa yadda yake ba.

A ƙasar Hausa ban ruwa ya tsaya ne a fadama da lambu, ko garka kamar yadda ake cewa a wasu kare-karen harshe. Kayan aikin su ne jigo da guga da 'yan kwami da ake buɗe wa ruwa ɗaya bayan ɗaya da fartanya. A lambunan Azbin raƙumi ko sa ke jan gugar. Harshe ma ya adana wani ɓangare na tarihin: alkama da albasa, manyan amfanin lambu biyu, sunayensu daga Larabci suke, har da "al" ɗinsu. Sarauta na da hannu a rabon fadama da karɓar kuɗin rafi, amma ba ta gaya wa mai lambu abin da zai shuka ko ranar da zai ba da ruwa. Ƙofar ruwansa tana hannunsa.

6.0 Daga Ambaliya Zuwa Ruwan Shekara

Canjin da ya raba tsohon zamani da sabo ya faro ne a Masar, kuma auduga ce sanadi. Wajen 1820 wani Bafaranshe, Jumel, ya ja hankalin Muhammadu Ali Basha ga wata auduga mai dogon zare. Auduga shukar bazara ce, tana son ruwa daidai lokacin da Nilu ya fi ƙanƙancewa, kuma ambaliya na kashe ta. Tsarin tafkuna bai dace da ita ba sam. Sai aka shiga haƙa hanyoyi masu zurfi da za su ɗauki ruwa ko da kogi ya yi ƙasa, aka kuma dinga yashe su kowace shekara da aikin tilas. Hanyar Mahmudiyya kaɗai, wadda aka gama a 1820, ta ci rayukan dubban talakawa. An fara gina shingen Dalta a arewacin Alƙahira a shekarun 1840, aka gama a 1861, amma harsashinsa bai iya riƙe ruwa yadda aka so ba.

Waɗanda suka gyara shi daga Indiya suka zo. A can Ingilishi suka koyi sana'ar. Bayan yunwar 1837 zuwa 1838, Proby Cautley ya jagoranci haƙa hanyar Ganga, aka buɗe ta a 1854, aka kuma kafa kwalejin injiniyoyi a Roorkee a 1847 saboda aikin. Dokar hanyoyin ruwa ta arewacin Indiya ta 1873 ta mayar da ruwan koguna ƙarƙashin ikon gwamnati. Daga 1885 aka fara buɗe sababbin matsugunai a busassun filayen Punjab, tara gaba ɗaya, inda hukuma ke zana ƙauye da ma'auni kafin mazauna su iso, ta zaɓi wanda za ta ba fili. Tsofaffin sojoji da masu biyayya suka samu rabo mai tsoka, a wani yankin ma sharaɗin riƙe fili shi ne kiwon goɗiya don rundunar dawaki. Makiyayan da aka tarar kuwa an ture su gefe. Ali (1988) ya nuna yadda wannan rabo ya gina rukunin masu ƙasa da soja da suka yi tasiri a siyasar Pakistan daga baya. Whitcombe (1972) kuma ta tattara koke-koken gishiri da jiƙewar ƙasa da zazzaɓin cizon sauro da suka biyo hanyoyin.

Da Ingila ta mamaye Masar a 1882, Colin Scott-Moncrieff ya zo da injiniyoyin Indiya, suka gyara shingen Dalta zuwa 1890. Ɗaya daga cikinsu, William Willcocks, ɗalibin Roorkee, shi ya tsara madatsar Aswan ta farko, wadda aka gina daga 1898 zuwa 1902, aka ƙara mata tsawo a 1912 da 1933. Dole a faɗi alherin da aka samu: an soke aikin tilas na yashe hanyoyi wajen 1889, gona ta koma ba da amfani sau biyu ko uku a shekara. Amma ƙasar da ta daina shan ambaliya ta daina wankuwa. Ruwan ƙarƙashi ya taso, amfanin kowace gonar auduga ya ragu a farkon ƙarni na 20, tsargiya kuma ta yaɗu, domin dodon koɗin da ke ɗauke da ita ya samu ruwan da ba ya ƙafewa. Shi dai Willcocks ɗin ne Turkawa suka ɗauka ya gina shingen Hindiyya a kan Furat, aka gama a 1913, kusa da kangon Babila.

A ganin wannan maƙala, nan ne abin da Wittfogel ya siffanta ya fara tabbata a zahiri. Manomin tafki yana jiran kogi ne tare da maƙwabtansa. Manomin ruwan shekara kuwa yana jiran injiniyan da bai taɓa gani ba, wanda ke riƙe da ƙofa ɗaruruwan mil daga gonarsa.

7.0 Gezira

Babu inda wannan tsari ya cika kamar Gezira, filin da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu a kudancin Khartum. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, baƙar laka mai tsagewa, da ɗan gangare zuwa arewa, kamar an yi ta don ban ruwa. Mazaunanta na noman dawa da damina, suna tare ruwa da kunyoyi. Masaƙun Lankasha kuwa na neman auduga mai dogon zare, gwamnatin Sudan na neman kuɗin shiga. An gwada noman da famfo a Tayiba a 1911, majalisar Ingila ta lamunci bashin fam miliyan 3 a 1913, yaƙin duniya ya jinkirta aiki, aka gama madatsar Sennar a 1925, aka fara da fadan 300,000. Fadan ɗaya ya ɗara eka kaɗan.

Gwamnati ba ta ƙwace filayen kai tsaye ba. Ta karɓe su haya ta dole na shekara 40, a kan kuɗi ƙalilan, sannan ta yanka su ta mayar wa mutane a matsayin 'yan haya. Kowane ɗan haya na da hawasha ta fadan 30, goma daga ciki na auduga. Kamfanin Sudan Plantations Syndicate ne ke gudanarwa. Mufattishi Bature ke faɗin ranar shuka da ranar ban ruwa da ranar tuge karan auduga a ƙone, kuma yana iya korar wanda ya saɓa. Ba a yarda ɗan haya ya sayar da audugarsa ga kowa ba. A rabon farko ɗan haya na da kashi 40 na riba, gwamnati 35, kamfani 25, daga baya ya koma 40 da 40 da 20. Amma daga cikin kason ɗan haya ake biyan 'yan ƙwadagon noma da tsinka. Fiƙihu ya rage wa mai wahala, lissafin Gezira kuwa ya ɗora masa kuɗin wahalar.

Ko ruwan ma ba na Sudan ba ne yadda take so. Yarjejeniyar 1929 tsakanin Ingila da Masar ta ba Masar kubik mita biliyan 48 a shekara, Sudan biliyan 4, ta kuma keɓe wa Masar ruwan kogi daga Janairu zuwa tsakiyar Yuli. Habasha, inda mafi yawan ruwan ke fitowa, ba a tambaye ta ba. Gaitskell (1959), wanda ya shugabanci aikin, ya ɗauke shi haɗin gwiwa abin koyi. Barnett (1977) ya kira shi ruɗin ci gaba. Kowannensu na da abin nunawa, don kuwa Gezira ta riƙe baitulmalin Sudan shekaru da dama, kuma 'yan hayarta sun yi yajin aiki a 1946 a kan kuɗin ajiyarsu da aka riƙe.

Faransa ta so ta yi nata a kogin Kwara. Injiniya Émile Bélime ya tsara shayar da kusan hekta miliyan ɗaya a ƙasar da ake kira Mali yanzu, aka kafa Office du Niger a 1932, aka gina shingen Markala daga 1934 zuwa 1947 da mutanen da aka ɗiba da sunan soja aka miƙa musu diga. Da yake yankin ba shi da jama'a sosai, sai aka kwaso iyalai da ƙarfi, musamman Mosawa daga Yatenga. Da aka soke aikin tilas a 1946, da yawa suka kama hanyar gida. Zuwa samun 'yancin kai a 1960 abin da aka shayar bai wuce kusan hekta 50,000 ba, kuma an bar audugar gaba ɗaya a 1970 aka koma shinkafa.

8.0 Hausawa a Bakin Hanyar Ruwa

A Arewacin Nijeriya Turawa ba su gina wani abu mai kama da Gezira ba. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, gyaɗa da audugar damina suka biya musu buƙata ba tare da kashe kuɗin madatsa ba, aka bar jigo yana aikinsa a fadama. Manyan madatsu irin su Tiga da Bakolori sai a shekarun 1970. Haɗuwar Bahaushe da ban ruwan mulkin mallaka ta faru ne a Sudan.

Bayan yaƙin Burmi a Yulin 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas. Suka zauna a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sennar, a garin da har yau ke ɗauke da sunansa. Ayarin maniyyata masu tafiya Makka a ƙasa suka ci gaba da biyowa, Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda mutanen Sudan ke haɗawa su kira Fallata ko Takari. Hukuma ta yi maraba da su, domin auduga na son hannaye, 'yan hayar Gezira kuwa ba su isa su tsince gonakinsu da iyalansu kaɗai ba. Mai niyyar hajji yakan yi kaka ɗaya ko biyu yana tsinka don ya tara guzuri. Wasu kakar ta zame musu shekara ashirin, 'ya'yansu da jikokinsu suka tashi a can suna kiran kansu matafiya, al'amarin da Yamba (1995) ya yi wa nazari mai zurfi, kamar yadda Duffield (1981) ya yi wa garin Mai Wurno.

A farkon shekarun 1930, da farashin auduga ya faɗi, cututtuka kuma suka kama ta, 'yan ƙasa da yawa suka yar da hawasharsu, kamfani ya ba mutanen yamma. Da kasuwa ta farfaɗo sai lissafi ya sake. Dokar 1948 da ta fayyace wane ne ɗan Sudan ta kafa sharaɗin zama a ƙasar tun kafin 1898. Mutanen Burmi da duk wanda ya biyo bayansu sun iso ne bayan wannan shekara. Samun sabuwar hawasha ya yi musu wuya, akasarinsu suka koma 'yan ƙwadago da masu noman raba-daidai a gonar wani, suna zaune a sansanonin bukkoki da ake kira kambo, a gefen hanyoyin ruwa, a kan filin da ba su da takardarsa. Da gwamnati ta karɓi aikin daga hannun kamfani a 1950 ta kafa Hukumar Gezira, rabon riba ya ci gaba da zama tsakanin gwamnati da hukumar da 'yan haya, babu kason mazauna kambo a ciki.